Kurakuran da Ake Yi Wajen Karanta Tsofaffin Rajistocin Maƙabartu a Ingila

Wata Hajiya da muke zaune gari ɗaya da ita a nan Ingila ta kira ni bayan sallar isha'i, muryarta na rawa. Ta daɗe tana cigiyar kabarin ƙanen kakanta, wanda ya bar gida yana saurayi, ya kama aikin jirgin ruwa daga Legas, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. A ranar ne ofishin maƙabartar wani gari mai tashar jiragen ruwa ya turo mata hoton shafin rajista. Ga sunan nan, an rubuta shi yadda kunnen Bature ya ji, ga shekarunsa, ga ranar da aka binne shi, sai kuma can gefe haruffa uku: "Con". Ɗanta ya duba mata ya ce ai ma'anarsa ƙasar da Cocin Ingila ya tsarkake.

"Malam, ashe Baba Ƙarami ya bar addini kafin ya rasu?"

Na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ki turo min shafin gaba ɗaya, har da na gabansa da na bayansa, mu gani."

Wannan shi ne kuskuren da na fi cin karo da shi tun da na fara taya mutane tonon salsala a ƙasar nan, ko 'yan uwanmu masu neman wani nasu da ya rasu a baƙunta, ko 'ya'yan abokanmu da iyayensu mata Turawa ne suna bin dangin uwa. Mutum ya ga inda aka sa gawa, sai ya ɗauka an faɗa masa abin da ke zuciyar mamacin. Alhali magatakardan da ya cika littafin bai damu da wannan ba. Abin da ke gabansa shi ne wace ƙasa aka haƙa, wa ya yi addu'a, wa ya biya kuɗi.

Me ake nufi da tsarkakakkiyar ƙasa

A Ingila tsarkake maƙabarta mataki ne na shari'a. Bishop na Cocin Ingila, wato cocin da doka ta ɗauka a matsayin na ƙasa, shi ne zai sa hannu a takarda, daga ranar filin ya shiga ƙarƙashin ikon kotun coci. Har yau ɗin nan, wanda yake son tono gawa daga irin wannan fili sai ya nemi izinin kotun coci, wanda kuma gawarsa take ɓangaren da ba a tsarkake ba sai ya nemi lasisi daga Ma'aikatar Shari'a. Hukuncin na fili ne.

Sannan akwai wata tsohuwar ƙa'ida da mutane da yawa ba su sani ba. An raba ƙasar gunduma-gunduma, kowace da cocinta da filin kaburbura a kewayensa, kuma duk mazaunin gundumar, da duk wanda ajali ya riska a cikinta ko da matafiyi ne, yana da haƙƙin a binne shi a wannan fili. Ƙarnuka da dama ma babu wata maƙabartar a yawancin ƙauyuka sai ita. Saboda haka 'yan Katolika da 'yan Methodist da 'yan Baptist da suka ƙi jinin limamin gundumar suna raye, a harabarsa aka kwantar da su. Wani limamin yakan ƙara kalmar "papist" a gaban sunan ɗan Katolika, wani bai ƙara komai. Bayan jirgin yaƙin HMS Anson ya tarwatse a gaɓar Cornwall a 1807 aka binne mutanensa a bakin teku ba likkafani ba addu'a, majalisa ta yi doka a 1808 cewa duk gawar da teku ya turo a kai ta harabar coci. Ba wanda ya tambayi gawar addininta.

Da harabobin coci na birane suka cika har wari ya dami jama'a, dokokin 1852 da 1853 suka sa aka rufe da yawa daga cikinsu, aka buɗe manyan maƙabartun gari. Akan raba irin wannan maƙabarta biyu, ɓangaren da bishop ya tsarkake da ɓangaren kowa da kowa, sau da yawa da ɗakunan addu'a biyu. A rajista sai ka ga "Con" ko "Cons" a ɗaya, "Uncon" ko "Gen" a ɗayan. To wa ke zaɓen ɓangare? Wanda ya ɗauki nauyin binnewa. Baƙon da ya rasu a asibiti ba dangi, hukumar kula da matalauta ko asibitin ko kamfanin da yake wa aiki ne za su sallame shi, kuma idan ba wanda ya zo ya ce ga addininsa, galibi ɓangaren cocin ƙasa ake nufa da shi.

Da shafin Hajiya ya iso, abin da na gani ke nan. Adireshin mamacin asibiti ne. Lambar kabarinsa ita ce lambar wasu mutum huɗu a shafuka biyu da ke kusa, cikinsu har da wata tsohuwa da jariri, ba mai sunan dangin wani. Kabarin haɗaka ne, kuma hukuma ce ta biya. Shafin bai ce Baba Ƙarami ya yi ridda ba, bai kuma ce ya cika da kalmar shahada ba. Abin da ya nuna shi ne ya rasu ba nasa a kusa.

Akwai masu yin kuskuren ta ɗaya gefen, kuma waɗannan yawanci masu bin dangin Turawa ne. Su ga "Uncon" sai gabansu ya faɗi, su ce lallai kakan nan ya aikata wani abin kunya coci ya kore shi. Ko kusa. Ɓangaren da ba a tsarkake ba shi ne na duk wanda ba ɗan Cocin Ingila ba, kuma attajirai da masu wa'azi da 'yan majalisa suna kwance a ciki bisa zaɓinsu. Maƙabartar Abney Park da aka buɗe a Landan a 1840 ba a tsarkake ko taku ɗaya nata ba, da gangan. Abin da ya fi rikita mutane shi ne sashen Katolika: fada ya yi masa addu'a ya yayyafa ruwa, su a wajensu wuri ne mai tsarki, amma a idon doka da kuma a rajista yana cikin wanda ba a tsarkake ba, domin ba bishop ɗin cocin ƙasa ne ya sa hannu ba. Sashen Musulmi da na Yahudawa duk haka suke.

Kuma ka yi hattara da harafin "C" shi kaɗai. A wannan maƙabarta yana nufin tsarkakakken ɓangare, a waccan yana nufin kabarin haɗaka, a wata kuma sunan yanki ne kawai a taswira, kamar yadda za a ce layin A da layin B. Kowane ofishi da nasa salon. Maganin abin shi ne ka nemi shafin farko na littafin da taswirar maƙabartar, ko ka tambayi ofishin kai tsaye. Matambayi ba ya ɓata.

Fili daban, addu'a daban

Littafin addu'o'in Cocin Ingila na 1662 ya hana karanta addu'ar binnewa ga mutum uku: wanda ba a yi wa baftisma ba, wanda coci ya yanke hulɗa da shi, da wanda ya kashe kansa. Lura da kyau, addu'ar aka hana. Jaririn da ya rasu kafin baftisma sau da yawa a harabar cocin aka sa shi, a wani lungu, ba tare da limami ya tsaya a kansa ba. An fi danganta arewacin harabar da irin waɗannan, gefen da inuwar ginin take faɗawa, amma da wuri ya yi ƙaranci kowa aka riƙa kaiwa can, don haka kabari a arewa ba hujjar komai ba ne.

Maganar wanda ya kashe kansa tana da matakai, kuma shekarar ce take faɗa maka wanne ya shafi naka. Kafin 1823, wanda masu binciken mutuwa suka yanke cewa ya kashe kansa cikin hankalinsa, a bakin hanya ake binne shi, sau da yawa a mararraba. Dokar 1823 ta hana wannan, ta ce a kai shi maƙabarta amma tsakanin ƙarfe tara na dare da sha biyu, cikin awa 24 da yanke hukuncin, ba addu'a. A 1882 aka cire sharaɗin dare. Sai dai tun ƙarni na 18 masu yanke hukuncin suka fi son cewa mutumin hankalinsa ne ya gushe, don su tsare wa iyalinsa mutunci da dukiya, wanda kuwa aka ce haka a kansa ana iya binne shi kamar kowa. Ke nan rajista mai tsabta ba ta kore yiwuwar abin ba. Haka nan ganin an rubuta cewa an binne mutum da umarnin mai binciken mutuwa bai nuna ya kashe kansa ba. Wanda amalanke ya take, wanda ya faɗa ruwa, wanda aka wayi gari aka tarar ya cika, duk sai an yi musu wannan bincike. Jaridar garin ta wannan mako ita ce za ta warware maka.

Wata jimla da ke tsorata mutane ita ce wadda ake gani bayan 1880, inda a gurbin sunan limami za a rubuta cewa an yi binnewar bisa dokar wannan shekara, a sa sunan wani dangi. Dokar 1880 ce ta ba iyali damar binne nasu a harabar coci ba tare da limamin gundumar ba, ko su kawo nasu mai wa'azin Kirista, ko a yi shiru ba addu'a. Ganin wannan jimla alheri ne gare ka, domin tana nuna maka ka je ka duba littattafan wata ɗariƙar.

Kwanan wata

Nan ba sai an daɗe ba, amma nan ne aka fi tuntuɓe. Ranar da ke rajista ranar binnewa ce. Mu da muka saba a rasu da safe a kai mutum makwancinsa kafin la'asar, sai mu ɗauka ranar rasuwa ce, alhali a nan kwanaki ne a tsakani, wani lokaci har wata ya juya ko shekara. Ka rubuta "an binne" a bishiyar zuri'arka, ka bar gurbin rasuwa har ka samu shaidarsa.

Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris. Binnewar da aka rubuta 10 ga Fabrairu 1720, a lissafinmu na yau 1721 ce, shi ya sa masu bincike suke rubuta 1720/21. In ba ka san haka ba, sai ka ga mutum ya yi wasiyya a watan Yuni 1720 an kuma binne shi a Fabrairun 1720, ka ce mutum biyu ne. A Satumbar 1752 kuma an tsallake kwana 11, daga 2 ga wata aka wayi gari 14. Idan ka ga "7ber" Satumba ce ba Yuli ba, "8ber" Oktoba, "9ber" Nuwamba, "10ber" Disamba, daga lissafin Latin. 'Yan ɗariƙar Quaker su kuma ba sa kiran sunayen watanni, lamba suke sawa, kuma kafin 1752 watansu na ɗaya Maris ne.

Yadda na binne mutum da ransa

Wannan kuskure nawa ne. Ina bin dangin uwar wani ɗan abokina a wani ƙauye, na samu kakan kakanninsu ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, sai ga sunansa a rajistar binnewa. Layi ɗaya ne tak: suna da kwanan wata. Na ja layi na ce nan ya tsaya. Da na ga wasu yara uku da aka yi wa baftisma bayan haka da sunan uba iri ɗaya, sai na ƙirƙiro wa kaina wani mutum na biyu, na ce ɗan uwansa ne. Na yi wata da watanni ina neman haihuwar wannan ɗan uwa da babu shi. Ranar da na je gidan adana takardun tarihi na yankin na buɗe kwafin da ake aika wa bishop duk shekara, sai ga kalma ɗaya da babban littafin bai da ita, an ƙara a gaban sunan: jariri. Ɗansa ne mai sunansa. Uban ya rayu ya tsufa.

Kama da wane ba ta wane. Tun 1538, lokacin da Thomas Cromwell, babban mashawarcin Sarki Henry na takwas, ya umarci kowane coci ya riƙe littafin baftisma da aure da binnewa, har zuwa ƙarshen 1812, ba wani tsari da aka ɗora wa limamai wajen rubuta binnewa. Wani ya rubuta shekaru da sana'a da cutar da ta kashe mutum, wani suna kawai. Daga 1 ga Janairu 1813 ne aka kawo bugaggen littafi mai gurabe: suna, mazauni, ranar binnewa, shekaru, da wanda ya yi addu'a. Kafin nan, a ƙauyen da uba da ɗa da kawu da jika duk sunansu ɗaya, kuma iyaye suna mayar da sunan yaron da ya rasu ga wanda aka haifa bayansa, layi ɗaya ba ya isa a kashe mutum. Ka nemi abin da zai dafa masa: wasiyya, auren da matarsa ta sake yi, ranar da aka fara kiranta gwauruwa a takardu, ko ɓacewar sunansa daga littafin haraji. Kuma ka duba kwafin bishop, wanda aka fara wajabtawa a 1598. Kwafi ne, amma ba kullum yake daidai da na asali ba, wani lokaci ya fi shi bayani, wani lokaci shi kaɗai ya tsira.

Tsofaffin littattafan da Latin aka rubuta su, kuma kalmomi kaɗan za su fisshe ka. "Sepultus" an binne namiji, "sepulta" mace, "filius" ɗa, "filia" 'ya, "uxor" matar aure, "vidua" wadda mijinta ya rasu, daidai da "relict" a Turancin da. Gulielmus shi ne William, Johannes John, Jacobus kuwa yana iya zama James ko Jacob. "Chrisom" jariri ne da ya rasu cikin watansa na farko. "Mrs" a wancan zamani girmamawa ce ga mace mai matsayi, ko ba ta taɓa aure ba.

Alamomin kuɗi

Tsakanin 1783 da 1794 gwamnati ta sa harajin taro, wato kwabo uku, a kan kowane suna da aka shigar rajista, amma ta yafe wa matalauta. Sai ga harafin "P", alamar fakiri, ya yawaita a shafukan waɗannan shekaru. Limamin da ke tausayin jama'arsa, ko wanda ba ya son wahalar karɓar haraji, yakan mayar da rabin ƙauye fakirai a takarda. Kafin ka ce kakanka almajiri ne, ƙirga P nawa ne a shafin, sannan ka duba littafin masu rabon tallafin gundumar ka ga ko sunansa na ciki.

"Affid." ko "A" ita ma ba ruwanta da halin mamaci. Dokokin 1666 da 1678 sun wajabta a yi wa kowa likkafani da ulu, don a raya kasuwar ulun ƙasar, kuma sai wani ya yi rantsuwa cikin kwana takwas cewa haka aka yi. Wanda ya saɓa tarar fam biyar ce, rabi ga matalauta rabi ga wanda ya kai rahoto, shi ya sa masu hali da ke son lilin sukan sa ɗan gida ya kai ƙarar, rabin kuɗin ya dawo gida. Idan ka ga an rubuta an binne mutum cikin lilin an biya tara, to ka samu shaidar wadata. An soke dokar a 1814, amma an daɗe da daina kula ta.

Kabarin haɗaka ma ba lallai na wanda hukuma ta binne ba ne. Dubban ma'aikata sun biya kuɗin jana'izar nasu da guminsu, har da akwati mai kyau da keken doki, abin da ba su iya ba shi ne sayen haƙƙin mallakar kabarin, saboda haka aka haɗa su da baƙi. A maƙabartar Beckett Street da ke Leeds akwai layuka na duwatsu masu ɗauke da sunaye da yawa gaba da baya, inda iyali ke biyan gini ɗaya, wato fam ɗaya da sule ɗaya, a sassaƙa sunan nasu. Wanda bai sani ba sai ya kwashe sunayen dutsen duka ya zuba a zuri'arsa. Akasin haka kuma, kabarin da aka saya taska ne: littafin kaburbura zai ba ka sunan mai shi da duk wanda aka sa a ciki, kuma a nan ake gano 'yar da ta yi aure ta sauya suna ko surukar da ba a san da ita ba. Mutane suna tsayawa a rajistar binnewa su manta da wannan littafi na biyu.

Idan mazaunin mamaci gidan gajiyayyu ne, kar ka yi saurin cewa a can ya ƙare rayuwarsa. A ƙarshen ƙarni na 19 sashen jinya na waɗannan gidaje shi ne asibitin talaka, mutum yana iya shiga kwana uku kafin ajalinsa.

In an nema ba a samu ba

Takardar shaidar mutuwa ta gwamnati, wadda aka fara a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli 1837, tana ba da ranar rasuwa da wuri da sanadi da wanda ya kai rahoto, amma ba ta faɗin inda aka binne. Wannan yana ba mutane mamaki. Sai ka bi ta sanarwar jarida, ko ka jera maƙabartun da ke aiki a garin a shekarar ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma kar ka tsaya a unguwar da ya rasu. Daga 1854 jirgin ƙasa na musamman yana ɗaukar gawawwaki daga Waterloo a Landan zuwa maƙabartar Brookwood, tafiyar kusan kilomita 40, inda aka yi tasha biyu, ɗaya ta 'yan Cocin Ingila ɗaya ta sauran jama'a. Jirgin ya yi aiki har 1941. A Brookwood ɗin ne aka ware wa Musulmi fili a 1884, kusa da Woking inda aka gina masallacin Shah Jahan a 1889, don haka mai neman Musulmin da ya rasu a Landan a da, nan ya kamata ya fara leƙawa.

Suna kuma shi ne babban tarko gare mu. Magatakarda ya rubuta abin da ya ji, mai kwafa zuwa intanet ya karanta abin da ya iya. Muhammadu ya koma Mahomet ko Mamadoo, sunan uba ya zama na farko, sunan gari ko na ƙabila ya zama sunan dangi, wani ma sunan da aka laƙaba masa a jirgi ne ya bi shi kabari. Ko sanannen mutum bai tsira ba. Abdullah Quilliam na Liverpool, Baturen da ya musulunta, wanda ya je Legas a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey, ya ƙare rayuwarsa yana amfani da sunan Léon, ya rasu a 1932 aka binne shi a Brookwood. Mai neman Quilliam kaɗai a takardun shekarunsa na ƙarshe zai sha wuya. Shafukan intanet irin su FreeREG da FamilySearch da Findmypast da Deceased Online duk suna da amfani, amma binciken suna a cikinsu ta fihirisa yake bi, kuma babu wanda ya tattara komai a cikinsu. In ka san watan rasuwa, ka ajiye akwatin bincike ka karanta hoton shafukan da idonka, layi-layi.

Akwai kuma waɗanda ba za a same su ba ko an yi yaya. Rajistoci da yawa suna da giɓi a shekarun yaƙin basasa, daga 1640 da wani abu zuwa 1660. Wasu ruwa ya ci, wasu bama-baman yaƙin duniya na biyu. Jaririn da bai zo da rai ba, gwamnati ba ta fara yi masa rajista ba sai 1927, kuma sau da yawa a kabarin wani babba da aka buɗe a ranar ake sa shi. Dokar 1832 ta halatta a miƙa gawar da ba wanda ya nema ga makarantun likitanci, irin wannan binnewarsa takan zo makonni ko watanni bayan rasuwa, a wani gari dabam. Daga shekarun 1830, wanda aka rataye bisa laifin kisa, cikin gidan yari aka binne shi. Daga 1885 kuma, da aka fara ƙona gawa a Woking, akwai waɗanda littafinsu na wurin ƙonawa ne. Littattafan ɗariƙun da ba na cocin ƙasa ba, da yawansu an tattara su a ƙarni na 19, yanzu suna babban gidan adana takardu na ƙasa a Kew.

Duk wannan bayani na Ingila ne da Wales. Sikotland tsarinta dabam: ta mayar da sabuwar shekara 1 ga Janairu tun 1600, rajistar gwamnati ta fara a 1855, kuma a gundumomi da yawa shaidar mutuwa ɗaya da ta rage ita ce kuɗin hayar mayafin da ake rufa wa akwatin gawa. A Ailan kuwa gobarar gidan adana takardu ta Dublin a 1922 ta cinye littattafan coci masu yawa.

Dutsen kabari shi ma a yi masa tambayoyi. Sau da yawa shekaru bayan rasuwa ake kafa shi, lokacin da aka samu kuɗi ko aka binne na biyu, kuma shekarun da ke jiki daga ƙwaƙwalwar jika suka fito. Sunan da ke dutse ba ya nufin gawar tana ƙasa: ɗan da ya nutse a teku ko ya mutu a yaƙi ana ƙara sunansa a na iyayensa. Duwatsu kuma suna tafiya. Coci da yawa sun tumɓuke nasu sun jingina a bango don injin yankan ciyawa ya samu hanya. Gawawwakin ma suna tafiya: sojojin Indiya Musulmi da aka binne a Horsell Common kusa da Woking tun yaƙin duniya na ɗaya an mayar da su Brookwood a ƙarshen shekarun 1960, kuma aikin layin dogo na HS2 ya kwashe dubbai daga tsohuwar maƙabartar St James da ke gefen tashar Euston.

Da bazara ta shigo muka je maƙabartar da Hajiya da ɗanta. Ma'aikacin wurin ya fito da taswira da igiyar awo, ya fara daga wani kabari mai dutse da lambarsa ke sassaƙe a baya, ya ƙirga taku zuwa tsakiyar wani fili mai ciyawa da ba komai a kansa, ya soka ɗan ƙarfe ya ce nan ne, ko dai taku ɗaya hagu ko dama. Hajiya ta tambaya ko za ta iya kafa alama. Ya ce kabarin ba na kowa ba ne a cikin mutum biyar ɗin, sai ta rubuta wa ofis ta ji abin da ƙa'idarsu ta yarda da shi. Ɗanta ya ciro waya ya nemo alƙibla, muka juya muka yi wa Baba Ƙarami addu'a, ma'aikacin ya cire hularsa ya koma gefe yana jiranmu.